Sunan Anshel

Brooklyn, Maris 1988

Gwaggo Bluma abar ƙaunata,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa. Yaya ƙafar, ta fara yarda ki taka? Yaya sanyin Antwerp? Ni da maigidana Naftali muna nan lafiya, yana miƙo gaisuwa. Na so in buga miki waya, amma na san yadda za mu ƙare: ni ina ihu, ke kina "Me kika ce?" har mu gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta.

An yanke wa Abbana hukunci, shekara talatin. Alƙalin ya kira shi ɗan ta'adda a gaban jama'a, sannan ya tambaye shi ko yana da abin cewa. Kin san ƙaninki. Ya miƙe ya gyara 'yar hularsa ta Yahudawa, ya ce, "Lokacin da ake ƙona mu ba wanda ya hau wannan kujera. Yau da Bayahude ya ɗaga hannu, kowa ya tuna da doka." 'Yan ƙungiyarsu ta Garkuwa, da suka cika bayan kotun, suka hau tafi har sai da aka fitar da su. Ni ban tafa ba. Idona yana kan wata mata a jere na biyu, da baƙar riga da yara uku.

Matar Nakhla Saliba ce, mai gidan burodin da ke jikin zauren taron Larabawa. Abba ya rantse mini ya saita bam ɗin ne ya tashi kafin gari ya waye, lokacin da ba kowa a zauren. Na yarda da shi. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana sammako ya manta masu burodi sun fi shi sammako. Saliba ya zo hura wutar gashi ne, bai koma gida ba.

Gwaggo, ke kika goya shi kuka fito daga Poland, kin san shi kafin ni. Ni wanda na sani mai sa gilashi ne, hannunsa duk tabon yanka, aljihunsa kullum da alewa. Lokacin da 'yan iska suka addabi unguwarmu suna ƙwace wa tsofaffi jaka, shi ne yake ɗaukar kulki bayan addu'ar yamma ya raka su gida ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa Gittel har sumbatar hannunsa take yi. Ina 'yar makaranta ina alfahari da kulkin nan. Sai Mama ta rasu, gidan ya yi masa faɗi, Heshi Drucker ya shigo da taronsa da tutocinsa. Kulki ya daina isarsu. Heshi yana da baki, Abba yana da hannu, kuma ga shi yau mai bakin yana kwana a gadonsa, mai hannun a kurkuku.

Unguwa ta rabu biyu a kaina, kuma duk ɓangarorin haushi suke ba ni. Wasu in sun hango ni sai su tsallaka titi. Wasu kuma su matse mini hannu suna raɗa, "'Yar jarumi." Jiya a wajen mai kifi matar Feldman ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wai har yanzu kina zuwa wajensa?"

Na ce, "Ubana ne. Naki da kika kai gidan tsofaffi, yaushe rabonki da shi?"

Ta bar kifinta a kan sikeli ta fita. Naftali ya ce bakina zai sa mu tashi daga unguwar nan. Na ce ba inda za ni. Abin da Abba ya yi mugun abu ne, zan faɗa a gaban kowa, har a gabansa. Amma ba wanda zai sa in ce ban san shi ba.

Yanzu ga abin da na ajiye miki a ƙarshe: ina da ciki, kuma wannan karon ya zauna, ya wuce watannin da na baya biyu suka zube. Kada ki saƙa komai, kada ki sayi ko safa sai an sauka lafiya. Na san ki da allura.

Taki har kullum,
Shifra

Brooklyn, Yuni 1988

Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa. Na samu wasiƙarki, na kuma ga kin yi biris da maganata, don maƙwabciyarki ta tona miki asiri cewa har kin gama hula biyu. Allah ya ƙara wa ƙafar sauƙi. Mu lafiya lau, sai nauyi da zafin gari.

Na je wajen Abba makon jiya. Motar ta jijjiga ni har na ce a hanya zan haihu. Tsakanina da shi gilashi ne mai kauri, muna magana ta waya. Da ya zauna, kafin ya ce mini sannu, sai ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ya ce, "Wanda ya sa wannan bai iya aiki ba, dubi gefen." Na yi dariya har na yi hawaye. Ya rame, Gwaggo. Abincinsu ba namu ba ne, sai burodi da 'ya'yan itace yake ci.

Ya daɗe yana kallon cikina. Can ya ce, "Shifrale, in namiji ne, ki sa masa Anshel."

Na tofa sau uku a wurin, ma'aikacin da ke gadi yana kallona. Na ce, "Abba, ka san abin da kake faɗa kuwa? Sunanka ne, kuma kana raye!"

A ina aka taɓa jin mun sa wa jariri sunan mai rai? Ke kika koya mini tun ina ƙarama: suna ɗaya a gida ɗaya, mala'ikan mutuwa in ya zo ɗaukar tsoho sai ya ruɗe ya ɗauki jariri. Sai wanda ya tafi ake mayar wa suna. Abba ya fi ni sanin wannan.

Ya ce, "Ban ce ki sa ina raye ba."

Sai a lokacin na lura da kumburin da ke bayan kunnensa. Ya ce akwai wasu a ciki da hularsa ke tsone wa ido, akwai kuma waɗanda suka karanta labarinsa a jarida. Na ce ya nemi a keɓe shi, ana yi wa wasu. Ya ce, "Na ɓuya a rami sau ɗaya ina yaro, ya ishe ni. Hulata a kaina zan fita tsakar gida kamar kowa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To tunda kana shirin tafiya, ka rubuta wa matar Saliba ko layi biyu."

"Yaƙi ne, Shifra."

"Da mai burodi?"

Ya sunkuyar da kai yana murza tabon hannunsa. Na jira, Allah ya sani na jira. Da ya ɗago sai ya ce, "Sunan kakana ne. A can Poland an kashe mana kowa, sunan ne kaɗai ya tsallako. Kada ya mutu a hannunki." Aka ce lokaci ya yi.

Kin san gaskiya ya faɗa. Ke ba ki haihu ba, shi kuma ni kaɗai gare shi. In ban sa ba, ba mai sawa.

Da na gaya wa Naftali, ya ajiye cokali ya ce, "Ɗana ba zai shiga makaranta yara suna nuna shi ba." Na ce, "Wa ya ce maka zan sa? Ubana yana da rai." Muka kwana kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, a kan sunan ɗan da ba mu ma san ko namiji ne ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ashe Abba ya riga ya gaya wa Heshi. Ranar Lahadi sai ga shi da kwandon lemo da samari biyu a bayansa. Ya zauna a kujerar Naftali ba a ba shi ba, ya ce, "'Yar'uwa, albishir muka ji. Anshel ƙarami! Tun yana zanen goyo za mu ɗinka masa rigar ƙungiya. Zaki ɗaya aka kulle, wani yana tafe."

Na ce, "Heshi, 'ya'yanka maza nawa?"

Ya ce uku.

"Suna ina?"

Ɗaya yana karatun likitan haƙori, biyu suna shagon surukinsa. Na ce, "To ka fara ɗinka musu, in ta rage ka kawo." Na miƙa masa kwandonsa, na riƙe ƙofa a buɗe har suka fita.

Ki yi wa ƙaninki addu'a, Gwaggo. Ina fushi da shi, ina kuma tsoro a kansa, ban san wanne ya fi yawa ba.

'Yarki,
Shifra

Brooklyn, Agusta 1988

Gwaggo,

Ina fata kina lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, labari biyu ne.

Na haihu, namiji, ranar Asabar da hantsi. Lafiyarsa ƙalau, yana da gashi baƙi da murya kamar ta mai tallar jarida. Ni ce dai na sha wuya, jini ya ƙi tsayawa. Likita ya ce wa Naftali, ya kuma maimaita mini da kaina, cewa wannan shi ne na fari kuma shi ne na ƙarshe.

Na biyun: ranar Alhamis kafin haihuwar wani fursuna ya sami Abba a ɗakin wanki ya buga masa ƙarfe a ka. Jin labarin ne ya tayar mini da naƙuda. Yana asibitin kurkuku, yana numfashi, bai farfaɗo ba. Sun ce zai iya kwana ɗaya, zai iya wata.

Kin ga inda aka ajiye ni. Kaciya da suna rana ta takwas ne, Asabar mai zuwa ke nan, a nan gida. In Abba yana da rai ranar, ba halin sa sunansa. In ya tafi kafin nan, hanya a buɗe take. Naftali ya zauna a bakin gadona ya ce, "Na janye maganata. In abin ya faru, zaɓi naki ne, duk abin da kika ce shi zan raɗa wa mai kaciya." Mutumin kirki na aura, ko da yake ba na gaya masa.

Heshi kuwa ya aiko matarsa da shawara. Wai yaron ya ɗan yi rawaya-rawaya a ido, mu ce ciwon shawara ne, ai doka ta yarda a ɗaga kaciya in jariri ba lafiya. Mu ɗaga har "abin da Allah zai yi ya bayyana." Na ce mata, "Ki koma ki gaya masa idon ɗana fari ne tas. Ba zan yi wa jariri ƙaryar ciwo don mijinki ya zauna jiran ubana ya mutu ba."

Ina shayarwa ina karanta Zabura. Roƙona ɗaya ne, Abba ya buɗe ido, ko da zai buɗe ne ya zage ni a kan suna.

Taki,
Shifra

Brooklyn, Satumba 1988

Gwaggo Bluma,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyya. Allah ya ba ki haƙuri tare da dukan masu makoki. Na san Rabbi Ostrov, malamin majami'armu, ya aiko miki da saƙon rasuwar, na kuma san 'yan Garkuwa na can wajenku sun riga ni kawo miki sauran labarin. Jiya na tashi daga zaman makoki. Ki ji daga bakina.

Ranar Asabar ɗin gidan ya cika. Na shirya kifi mai gishiri da kek, tukunyar wake da nama ta kwana a murhu tun Juma'a. Ni ina kujera a bakin ƙofar kicin, don ƙafata ba ta ɗaukata da kyau. Heshi ya zo da mutanensa ba wanda ya gayyace su, kuma ba a korar baƙo daga kaciya. Mai kaciya yana jera kayansa ke nan wayar kicin ta fara ƙara.

Duk wanda ya san mu ya san ba ma taɓa waya ran Asabar, don haka ba mai kiranmu. Wuri ɗaya ne kawai zai kira, kuma kowa a ɗakin ya san wurin. Ta yi ta yi ta katse. Ba a jima ba ta sake.

Heshi ya matso ya ce, "Shifra, ki ɗauka. Maganar rai ce, an halatta."

Na dubi Rabbi Ostrov. Tsohon ya shafa gemu ya ce, "In ɗaukar za ta ceci rai, a ɗauka da gudu. Akwai abin da za ki iya yi masa daga nan?"

Na ce babu.

Ya ce, "To ba a neman mugun labari ran Asabar. Wanda ba a gaya wa ba, makoki bai hau kansa ba. Amma ubanki ne, ba zan hana ki ba."

Heshi ya juya wajen samarinsa ya ce, "Ku kira matar nan 'yar Italiya ta ɗakin ƙasa, ita ba ruwanta da Asabar, ta zo ta ɗauka." Ɗaya ya nufi ƙofa. Ban san inda na sami ƙarfi ba, Gwaggo. Na miƙe na tsaya a ƙofar kicin, hannu ɗaya a kowane gefe. Na ce, "Duk wanda zai taɓa wayar nan sai ya bi ta kaina, kuma ɗinkina bai warke ba, ku zo ku gwada."

Ya ce, "Yarinya, wasiyyar ubanki ce! Minti ɗaya ne, ki ji, ki cika masa burinsa."

Na ce, "Mai rai ba shi da wasiyya. A gidan nan ubana yana da rai har taurari su fito Asabar ta ƙare. Kai ne kake ɗokin ya mutu, ni ba na yi."

Wata daga cikin mata ta ce, "Kunya, Heshi, kunya." Ya koma gefe yana huci.

Aka kawo yaron a kan matashi, surukina ya ɗora shi a cinya. Ya tsala ihu, aka ɗiga masa ruwan inabi a baki ya yi shiru. Mai kaciya ya ɗaga kofi, ya kai inda ake faɗin suna, ya tsaya ya miƙa wa Naftali kunne. Daidai nan wayar ta sake tashi a bayana, har ina jin ƙararta a ƙashin bayana. Naftali bai dubi kowa ba sai ni.

Na ce, "Gedalya."

Sunan kakan Naftali ne, tela, wanda ya mutu a gadonsa yana da shekara tamanin da wani abu. Ban raɗa ba, da ƙarfi na faɗa. Mai kaciya ya maimaita, jama'a suka amsa, 'yan Garkuwa suka fita ba su taɓa abinci ba.

Da yamma, bayan taurari sun fito Naftali ya kashe kyandir a cikin ruwan inabi don sallamar Asabar, wayar ta sake ƙara. Na ɗauka da hannuna. Malamin addinin kurkukun ne. Ya ce Abba ya cika tun da asuba, bai farfaɗo ba, sun yi ta nema ba a ɗauka. Na yi masa godiya. Na ajiye wayar, na kama rigata ta hagu wajen zuciya na yage ta har ƙasa. Kukan da na yi, maƙwabta sun ji.

Wato lokacin da aka sa sunan, hanya a buɗe take. Abin da Heshi yake yawo da shi ke nan, wai na sace wa mamaci haƙƙinsa. A maƙabarta ya so ya yi jawabi da tuta, na ce in ya buɗe baki zan faɗi sunan Nakhla Saliba a kan kabarin da ƙarfi, in kuma tambayi wa ya sayo wayoyin bam ɗin. Ya naɗe tutarsa. Mun binne Abba cikin farin likkafani da akwatin katako, kamar kowane Bayahude. Tsohuwa Gittel ta zo a keken guragu, ta ce ba wanda ya sake raka ta gida tun da ya daina.

Na san tambayar da ke bakinki, kada ki wahalar da kanki. Na sani tun ƙarar farko. Ba ruɗewa na yi ba, ba kuma tsoron karya Asabar ne kaɗai ya tsayar da ni ba. Na so ubana ya ƙara wuni ɗaya a duniya, ko da a cikin gidana ne kawai. Na kuma ƙi in miƙa wa mutanen nan ɗana. Da na sa masa Anshel, da tun kafin ya yi haƙori sun rubuta masa abin da zai zama. Abba ya sami dama ya ce ya yi kuskure, a gabana, bai ce ba. Ina sonsa, zan so shi har in mutu, amma abin da ya ƙi saukewa ba zan ɗora wa ɗan kwana takwas ba.

Na san abin da na yi miki. Sunan da kika goyo a bayanki kika tsallako da shi, a hannuna ya tsaya, kuma ba ni da wani cikin da zan gyara. In kin yi fushi, kina da gaskiya. In ba za ki iya amsa wannan wasiƙa ba, zan ci gaba da rubutowa.

Abba bai bar ɗa namiji da zai yi masa addu'ar mamaci ba, don haka ni nake zuwa majami'a kowace safiya, in tsaya bayan labulen mata in faɗe ta. Ranar farko wani ya yi tsaki. Na ɗaga murya. Yanzu sun saba, suna amsa amin.

Hulunan da kika saƙa sun iso, ɗaya ta yi masa daidai. Ya fara bin haske da ido. In kin ga ba za ki iya kiran sunansa ba tukuna, ki ce "yaron," zan gane. Amma sunansa Gedalya.

Ni ce,
Shifra, 'yar Anshel, uwar Gedalya